Palu a Ɗan Issa: dogon ARN, abin da aka ɗauka shara ne, ya shiga cikin maganar

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke kwanciya a fadamun gulbin Maraɗi, gidajen likita na gundumar Madarunfa kan cika maƙil da yara masu zafin jiki. A Ɗan Issa, garin kan iyaka da ke bisa hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, nauyin ya ninka, domin marasa lafiya na zuwa daga ɓangarorin iyakar biyu, kuma watannin palu su ne watannin da hatsi ke ƙarewa a rumbu, tamowa ta kama yara. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta shafe shekaru tana dafa wa ma'aikatan lafiya na gundumar a irin wannan lokaci.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a watan Disamba 2024 ya ƙiyasta cewa an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har sau miliyan 263 a shekarar 2023, mutum 597,000 suka rasu. Ƙasashe huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin mamatan: Najeriya, Kwango ta Kinshasa, Nijar da Tanzaniya. Kason Nijar ya kusa 6 cikin 100 na duniya baki ɗaya, ga ƙasar da jama'arta ba ta kai miliyan 30 ba. Kuma a Afirka, kusan uku cikin huɗu na waɗanda cutar ke kashewa yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar.

Akwai tambayoyin da kowace uwa a Ɗan Issa ta taɓa yi. Me ya sa yaron da ya sha magani ya warke a watan Agusta yake sake kwanciya a Satumba? Me ya sa babba da yaro suke kwana ɗaki ɗaya, sauro ɗaya na cizon su, amma yaron ne ke suma? Ina cutar take ɓuya tsawon rani? Wani ɓangare na amsar ya fito ne daga wani lungu na kimiyya da shekara talatin da suka wuce kusan ba wanda ke leƙawa.

Ɗan aiken da ba ya ɗauke da saƙo

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. A cikin sel akwai ADN, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira DNA, shi ne kundin da aka rubuta umarnin gado a ciki. Kundin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan sel na bukatar wani furotin, sai a kwafo shafin da ya dace a kan ARN, shi kuma ya kai saƙon inda ake ƙera furotin ɗin. Abin da ake koyarwa a lise ke nan, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Da aka kammala karanta kundin gadon ɗan Adam a farkon shekarun 2000, sai aka tarar ƙwayoyin gado masu ba da umarnin furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma rubutunsu bai kai kashi 2 cikin 100 na kundin ba. Sauran, an daɗe wasu na kiran sa shara. Sai dai an lura cewa sel na kwafar sassa da yawa na wannan “shara” zuwa ARN, ARN ɗin kuma ba ya zuwa maƙera. Wanda tsawonsa ya wuce haruffa 200 shi ake kira dogon ARN marar umarnin furotin, a taƙaice dogon ARN. An ƙirga dubbai a jikin mutum. An san aikin kaɗan daga cikinsu da tabbaci, kuma masana na ta gardama a kan ko sauran duk suna da aiki. Waɗanda aka sani ɗin aikinsu ya fi kama da na mai tsaron ƙofa a fada: su ne ke sa a buɗe wannan shafi, a rufe wancan, a danne wani har tsawon rai.

Ƙwayar cutar palu ma tana da nata. Sunanta Plasmodium falciparum, ita ce mai kisa a yankinmu, kuma an karanta kundin gadonta tun 2002.

Riguna sittin

Idan falsifarom ta shiga jar ƙwayar jini, takan shafa wa bayan ƙwayar wani furotin mai danƙo da ake kira PfEMP1. Da shi ƙwayar jinin ke manne wa bangon ƙananan jijiyoyi, don kada jini ya kwashe ta ya kai ta saifa, inda ake tace lalatattun ƙwayoyi a hallaka su. Wannan mannewa ita ce tushen palu mai tsanani. Idan a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta faru, sai yaro ya shiga jijjiga da suma, abin da har yanzu a wasu gidaje ake fara kai wa mai maganin iska kafin a tuna da likita.

Furotin ɗin da ke waje, garkuwar jiki na ganin sa, kuma cikin ƴan makonni tana koyon kama shi. Dabarar falsifarom ita ce tana da kusan nau'i 60 na ƙwayar gadon da ke yin wannan furotin, ana kiran su var, amma ɗaya tak take kunnawa a lokaci guda, ta kulle saura. Duk wanda ya san shingen duwan na Ɗan Issa zai gane abin: mai fasa-ƙwauri ne da ke da riguna sittin cikin jaka, da an shaida shi da shuɗiya sai ya dawo da fara. Kuma jakar falsifarom ɗin da ta kama yaro bana ba lalle ta zama iri ɗaya da ta wadda za ta kama shi baɗi ba. Shi ya sa garkuwa daga palu ba ta samuwa da kamu ɗaya. Babban mutum a Madarunfa ya riga ya ga riguna da yawa, jikinsa ya shaida su. Yaro ɗan wata goma sha takwas bai ga komai ba tukuna.

Ta yaya ƙwayar ke zaɓen riga ɗaya ta kulle 59? A 2015, ayarin Ron Dzikowski na Jami'ar Ibraniyawa da ke birnin Ƙudus ya nuna cewa daga tsakiyar var ɗin da ke kunne ana kwafo wani dogon ARN ta baibai, wato daga ɗaya gefen rubutun, kuma wannan ARN yana zama a manne da wurin kamar alama. Da suka sa ƙwayar ta yi irin wannan ARN na wani var da ke kulle, sai ya buɗe. Da suka toshe ARN ɗin na wanda ke kunne, sai ƙwayar ta manta rigar da take sanye da ita ta koma wata. Akwai wasu makullai da ke aiki tare da shi, amma gwajin ya tabbatar da cewa dogon ARN na cikin masu riƙe da mabuɗi.

Ɗaya daga cikin rigunan ta shafi mata kai tsaye. Ana kiran ta VAR2CSA, masu bincike na Jami'ar Kopenhagen ne suka gano aikinta a farkon shekarun 2000, kuma ita ce ke sa ƙwayoyin jini masu cutar su taru a mabiyiya. Mace mai cikin fari ba ta taɓa haɗuwa da wannan riga ba ko da ta girma cikin sauro, don haka ita ce ta fi faɗawa ƙarancin jini, jaririnta ya zo da ƙaramin nauyi. A yankin da ake aurar da ƴan mata da wuri kamar jahar Maraɗi, wannan dalili kaɗai ya isa a daina wasa da ƙwayoyin Fansidar da ake bayarwa wurin awon ciki, aƙalla sau uku, daga wata na huɗu.

Wannan wasan riguna shi ne kuma ya sa allurar riga-kafin da ake da ita a yau ba ta bin ƙwayar cikin jini. RTS,S, wadda Nijar ta fara yi wa yara a watan Satumba 2024 daga Gaya, tana tarar ƙwayar ne tun lokacin da sauro ya zuba ta, kafin ta shige hanta. Tana rage ciwo da mutuwa, ba ta hana su duka, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro. Abu ɗaya da ya kamata a faɗa a fili, ganin jita-jitar da ta bazu tun zamanin korona: wannan allura ba ta ARN ba ce, furotin ne a cikinta.

Hatsin ci da hatsin iri

Yawancin falsifarom da ke cikin jini aikinsu hayayyafa ne, kowane awa 48 su fasa ƙwayar jini su shiga wasu. Waɗannan ke kawo zazzaɓi, amma idan sauro ya tsotse su mutuwa suke yi a cikinsa. Waɗanda ke iya ci gaba a cikin sauro ƴan kaɗan ne da suka rikiɗa suka zama maza da mata, ana kiran su gametosit. Sukan ɗauki kwana 10 zuwa 12 suna nuna a cikin ɓargo, sa'annan su fito cikin jini. Ba sa sa ciwo. Mutum na iya yawo da su lafiya lau a kasuwa, yana raba wa sauro.

Lissafin ƙwayar irin na manomi ne bayan girbi: nawa za a ci, nawa za a ajiye iri. Ƙwayar gadon da ke ba da izinin zama iri ana kiran ta ap2-g, kuma a kulle take kusan koyaushe. Wani furotin mai suna GDV1 ne ke cire makullin. A 2018, ayarin Till Voss na cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel, a Suwizalan, ya nuna cewa shi kansa GDV1 wani dogon ARN ne ke danne shi. Da aka lalata wurin da ake kwafo ARN ɗin, sai GDV1 ya yawaita, ƙwayoyi masu yawa suka koma gametosit. A 2023 kuma ayarin Karine Le Roch na Jami'ar Kalifoniya a Riverside ya lissafa dogayen ARN fiye da dubu a jikin falsifarom, ya nuna cewa lalata ɗaya daga cikinsu na rage yadda ƙwayar ke wucewa zuwa sauro.

Batun rani kuwa, amsa mafi gamsarwa daga Mali ta zo. Wani bincike da aka yi a ƙauyen Kalifabugu, aka wallafa a 2020, ya gano cewa a watannin da babu sauro ƙwayoyin jini masu cutar ba sa manne wa jijiya sosai, sai saifa ta riƙa kwashe yawancinsu, ƴan kaɗan su saura ba tare da zazzaɓi ba har ruwan farko ya sauka. Yanayin Kalifabugu bai yi nisa da na Ɗan Issa ba. Ma'anarsa ita ce palun da za a yi fama da shi a damina mai zuwa yana nan cikin jinin mutanen gari tun watan Maris, yana jira.

Inda maganar ta komo jikin mata

Magungunan da ake bayarwa a CSI, irin su Coartem, suna kashe ƙwayoyin da ke kawo zazzaɓi, amma ba sa gamawa da gametosit da suka riga suka nuna. Tsohon magani ne, primakin, ya fi iya wannan aiki. Tun 2012 OMS ta ba da shawarar a ƙara shi sau ɗaya, ƙaramin awo na miligiram 0.25 ga kowane kilo na nauyin mutum, a wuraren da ake dab da kawar da cutar da wuraren da ake tsoron ƙwayar ta fara bijire wa artemisinin, ban da mata masu ciki da ƙananan jarirai. Gwaje-gwajen da Alassane Dicko da abokan aikinsa suka yi a Welesebugu, a Mali, sun nuna cewa wannan ɗan awo na rage yawan sauron da ke ɗaukar cutar daga majinyaci cikin kwana biyu.

Abin da ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da primakin shi ne wata naƙasa ta gado, ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. A 1956 aka gano ta, kuma ta dalilin primakin ɗin ne. Kimanin mutum miliyan 400 ke da ita a duniya, a wurare da dama na Afirka ta Yamma kuma ta wuce namiji ɗaya cikin goma. OMS ta ce ƙaramin awon nan ba ya bukatar gwaji kafin a sha. Manyan awo, da wasu magunguna, suna bukata.

A nan ne dogon ARN mafi shahara a jikin ɗan Adam ya shigo. Umarnin G6PD yana kan kuromozom X. Namiji X ɗaya gare shi, don haka lissafinsa mai sauƙi ne, ko yana da naƙasar ko ba ya da ita. Mace tana da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1961 wata ƴar Ingila, Mary Lyon, ta ce tun ɗan tayi na ƴan kwanaki kowane sel na mace yakan kashe X ɗaya, ba tare da zaɓe ba. Shekara guda bayan haka Ernest Beutler ya tabbatar da hakan a jikin mata, da G6PD ɗin nan. Sai a 1991 aka gano mai aikin: wani dogon ARN da aka sa wa suna XIST, wanda ke lulluɓe X ɗin gaba ɗaya kamar mayafi, ya sa a rufe shi.

Sakamakon haka, macen da ta gaji naƙasar daga gefe ɗaya tana da jini iri biyu a jiki ɗaya, wasu ƙwayoyi lafiyayyu, wasu masu rauni. A wata macen rabi da rabi ne, a wata kuma masu raunin sun fi yawa. Gwajin gaggawa mai amsa “e” ko “a'a” yakan ce irin waɗannan mata lafiyarsu ƙalau, alhali wani kaso na jininsu na iya fashewa. Sai na'ura mai auna adadi ke nuna su. Duk ranar da hukumomin lafiya za su sayi kayan gwajin G6PD, wannan bambanci ne zai nuna ko an yi sayayyar da mata a rai.

Batun bai tsaya ga primakin ba. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna danganta shawara mai tsanani ga jarirai da kafur ɗin da ake zubawa cikin kayan haihuwa, domin sinadarinsa na fasa jinin jaririn da ke da ƙarancin G6PD. An kuma rubuta irin haka game da lalle idan aka shafa wa jariri. Jaririn da idonsa ko fatarsa ta yi ɗorawa a kwanakin farko, namiji ne ko mace, wurin likita ya kamata a nufa da shi ranar, kada a jira suna.

Wa zai bincika ƙwayar da ke Madarunfa?

A yau babu wani maganin palu a kasuwa da ke aiki ta hanyar dogon ARN, kuma daga gwajin kwalba zuwa ƙwayar da za a ba yaro akan ɗauki shekara goma ko fiye. Duk mai tallar magani a tasha ko a WhatsApp da ya ce nasa na gyara ADN ko ARN, kuɗi yake nema. Abin da ke ceton rai a Ɗan Issa bana shi ne abin da ya cece shi bara: gidan sauro mai magani, gwaji da wuri, jinin da za a ƙara wa yaro, da maganin riga-kafin damina na CPS da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata, wanda Nijar ta soma tun 2013.

Kuma waɗannan ɗin ma suna cikin matsi. Nijar ta shiga shirin yaƙi da palu na shugaban Amurka, PMI, a 2017. A watan Janairu 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da yawancin taimakon ƙasashen waje, daga baya aka rufe USAID, hukumar da ke jagorantar shirin. A irin wannan hali, wanda ya ce a fara sayen gidan sauro kafin a yi zancen ɗakin bincike bai yi kuskure ba.

Amma barin binciken gaba ɗaya ga wasu yana da nasa farashi. Yawancin gwaje-gwajen da aka ambata a sama an yi su ne a kan ƙwayoyin da aka daɗe ana kiwo cikin kwalba, musamman wadda ake kira NF54 da ƴarta 3D7, waɗanda aka samo daga wani majinyaci a Holan. Ƙwayar da ba ta taɓa ganin rani na wata bakwai ba, ba ta taɓa haɗuwa da CPS ba, ba za ta faɗi duk abin da ta Madarunfa ke yi ba. Sa'annan bijirewa ga artemisinin ta riga ta tabbata a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Idan ta iso Sahel, tambayar primakin za ta taso da gaggawa, tare da tambayar su wa ke ɗauke da gametosit da kuma yawan masu ƙarancin G6PD a kowace gunduma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba wai yankin bai iya ba ne. A gundumar Madarunfa ne cibiyar Epicentre ta Maraɗi, tare da ma'aikatar lafiya, ta gwada riga-kafin gudawa na Rotasiil mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna kariya ta kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani, a 2018 kuma OMS ta amince da shi. Iyayen yaran ƙauyukan nan ne suka ba duniya wannan amsa. Akwai CERMES a Yamai, akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da sashenta na kiwon lafiya. Abin da aikin ARN ke bukata a kan haka shi ne sanyi da wuta marar yankewa, domin ARN na lalacewa da sauri cikin zafi. Wanda ya zauna a Maraɗi bayan watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ya san abin da wannan sharaɗi ke nufi.

Saura batun iyaka. Uwar da ta taso daga ƙauyukan Jibiya ta kawo ɗanta Ɗan Issa tana zuwa da ƙwayar can, ta koma da ta nan. Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, kuma hukumar lafiya ta ƙungiyar, OOAS, na cikin wuraren da ƙasashen yankin ke haɗa bayanan cututtuka. Ko ta wace hanya za a bi yanzu, jami'an lafiya na Maraɗi da na Katsina na bukatar su san ranakun rabon CPS na juna, su kuma sanar da juna da zarar wani gefe ya ga yaran da ƙwayar ba ta bar jininsu ba bayan kwana uku na magani.